Funfuna ma tana da agogo: Abin da ya kamata manoma da 'yan kasuwar Parakou da Djougou su sani

Duk manomin gyaɗa ya san cewa da zarar rana ta faɗi ganyen gyaɗa yakan naɗe, ba zai sake buɗewa ba sai gari ya waye. Haka ma ganyen tsamiya. Zakara kuwa ba ya jiran a tashe shi kafin ya yi cara da asuba. Abin da jama'a da dama ba su sani ba shi ne, hatta funfunar nan da ke fitowa a jikin burodi, ko tuwon da ya kwana biyu, ko masarar da aka zuba a rumbu da sauran danshinta, ita ma tana da nata agogon, kuma tana bambance dare da rana duk da cewa ba ta da ido.

Masana kimiyya sun shafe sama da shekara 60 suna bin diddigin wannan al'amari, har ta kai a yau suna iya zama a ɗakin bincike su kalli ƙwayoyin gadon funfuna suna kama aiki suna tashi daga aiki, awa bayan awa. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan talaka da wannan? Amsar tana cikin buhunan masara da gyaɗa da ke kasuwannin arewacin Jamhuriyar Benin, da kuma lafiyar yaran da ke shan kokon da aka dama da su.

Garuruwa biyu, damina ɗaya

Parakou ita ce hedikwatar jihar Borgou, kuma birni mafi girma a arewacin Benin. Djougou kuwa, wadda mutanen wurin ke kira Zugu, ita ce hedikwatar jihar Donga, tana kimanin kilomita 135 arewa maso yamma da Parakou. Tun zamanin fatake Hausawa suka san garuruwan nan biyu, domin ta nan ayarin goro ke bi tsakanin Kano da Gwanja, kuma har gobe akwai unguwar Zongo a kowannensu, inda ake jin Hausa kafaɗa da kafaɗa da Dandanci.

Yankin yana da damina ɗaya, wadda kan kama daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, da ruwan sama da kan haura milimita 1,000 a shekara. Ana noma masara da dawa da doya da gyaɗa da waken soya da auduga da kashu. Wannan ni'ima ta ruwa da ɗumi ita ce kuma funfuna da danginta suka fi so. A daji, da saukar ruwan farko naman kaza kan fito a gindin doka da kawo da kan suri, mata su tsinto su yi miya ko su kai kasuwa. A gida kuwa, funfuna kan bi amfanin gonar da bai bushe ba har cikin rumbu. Naman kaza da funfuna da yis ɗin da ake kwaɓa fulawa da shi duk gida ɗaya suka fito. Ba tsirrai ba ne, domin ba sa haɗa abincinsu da hasken rana, ba kuma dabbobi ba ne. To tunda ba da haske suke ci ba, me ya kai su lura da shi?

Yadda aka gano agogon

Funfunar da ta buɗe wa masana wannan ƙofa sunanta Neurospora crassa. Launinta ruwan goro ne, kuma danginta kan fito a jikin itace ko rake bayan gobarar daji, ko a jikin totuwar gasasshiyar masara da aka yar a gefen hanya. An fara rubuta labarin irinta a shekarar 1843, lokacin da ta addabi gidajen burodi a birnin Paris na ƙasar Faransa. Da ita ne George Beadle da Edward Tatum na Amurka suka yi gwajin da ya nuna, a 1941, cewa ƙwayoyin gado su ne ke ba da umarnin haɗa sinadaran da jiki ke aiki da su, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1958.

A 1959 Colin Pittendrigh da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa wannan funfuna tana da tsarin girma mai maimaita kansa kusan kowace rana, ko da an kulle ta cikin duhu. Hanyar gwajin mai sauƙi ce. Ana samun dogon bututun gilashi, a zuba masa abincin funfuna, a ɗiga ta a baki ɗaya, ta riƙa tafiya zuwa ɗaya bakin, kimanin santimita 3 zuwa 4 a rana. Sau ɗaya a kowane zagaye takan fitar da ƙurar irinta mai yawa, sai a ga zane ruwan goro a jikin bututun, sannan ta ci gaba da tafiya fayau sai wani zagayen. Mai bincike kan shiga da jar fitila, wadda ba ta motsa agogon wannan funfunar, ya sa alama a inda ta kai kowace awa 24. Da aka auna tazarar da ke tsakanin zane da zane, sai aka ga kimanin awa 22 ne.

Wannan awa 22 ɗin ita ce hujja. Da a ce funfunar wani abu take ji daga waje, kamar juyawar duniya, da lissafinta ya zama awa 24 cif. Tunda nata lissafin ya bambanta, agogon a cikinta yake. Domin kawar da shakku, a 1983 an tura irin waɗannan bututai sararin samaniya a cikin ɗakin binciken Spacelab na farko, kuma a can ma funfunar ta ci gaba da fitar da zanenta. Wani abin mamaki kuma shi ne, ko an ƙara zafi ko an rage, muddin bai wuce kima ba, tsawon zagayen ba ya canzawa sosai, alhali saurin girman funfunar yana canzawa.

Maigadi da ubangidansa

A 1973 Jerry Feldman da Marian Hoyle suka samo wasu nau'o'in Neurospora da agogonsu ke gudu ko yake nawa, suka kuma gano cewa matsalar daga ƙwayar gado ɗaya take, wadda ake kira frq. A 1989 aka ware ta aka karanta rubutunta a ɗakin binciken Jay Dunlap da ke Dartmouth a Amurka, inda shi da Jennifer Loros suka shafe shekaru suna warware yadda take aiki.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Akwai wasu furotin guda biyu, WC-1 da WC-2, da kan haɗu su zama kamar ubangida mai ba da umarni. Can cikin dare sukan tashi ƙwayar gadon frq ta kama aiki. Saƙonta kan yi yawa da safe, bayan wasu awoyi kuma furotin ɗin da take haifarwa, mai suna FRQ, ya taru. Da ya taru sai ya juya ya danne iyayen gidan nasa da suka tashe shi, ya hana su sake ba da umarni. Daga nan sai ƙwayar halitta ta riƙa liƙa masa wasu ƙananan alamomi na sinadari, ɗaya bayan ɗaya, a wurare kusan 100, har ƙarfinsa ya ƙare a rushe shi. Da ya kau sai WC-1 da WC-2 su farfaɗo, a sake sabon lale. Lokacin da wannan kai-komo ke ɗauka shi ne awa 22 ɗin nan.

Saura batun haske. A 1995 aka nuna cewa haske na ɗan lokaci kaɗan ya isa ya tashi frq cikin mintuna. A 2002 kuma wasu rukunin masana biyu suka tabbatar da cewa WC-1 ɗin nan shi ne idon funfunar, domin yana riƙe da wani sinadari dangin bitamin B2 mai kama shuɗin haske. Ke nan kowace safiya fitowar rana kan gyara agogon, ta mayar da awa 22 ta zama 24, kamar yadda mutum kan daidaita agogon hannunsa da na rediyo. Sauyin zafi da sanyi tsakanin rana da dare shi ma yana yin wannan aikin, wani lokaci ma ya fi haske tasiri.

Irin wannan tsari na furotin mai danne wanda ya tashe shi, shi ne aka samu a jikin ƙuda da ɓera da ɗan Adam, ko da yake ƙwayoyin gadon sun bambanta. A kan gano shi a jikin ƙudan 'ya'yan itace ne aka bai wa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017.

Yadda ake leƙen ƙwayoyin gado suna aiki

A da, idan mai bincike yana son sanin ko wata ƙwayar gado tana aiki da ƙarfe biyun dare, dole ya kwana a ɗakin bincike, yana ɗibar funfuna kowace awa huɗu, yana daskarar da ita, yana niƙawa, yana aunawa, har kwana biyu ko uku. Aiki ne mai cin rai, kuma duk samfurin da aka auna ya mutu ke nan.

Dabarar da ta sauya wannan daga jikin maƙesu aka aro ta, wato ƙwaron nan mai walƙiya da dare a lokacin damina. Haskensa daga wani sinadari yake fitowa mai suna lusifares. Sai masana suka ɗauko ƙwayar gadon da ke haifar da lusifares suka ɗaura ta a bayan makunnin ƙwayar gadon da suke son sa wa ido. Duk lokacin da makunnin ya kunnu, funfunar sai ta fitar da ɗan haske. Idan ya mutu hasken ya dushe. Ana ajiye ta a ɗaki mai duhu ƙirin, kyamara mai kaifin gani tana ɗaukar hoto lokaci-lokaci, kwamfuta tana zana yadda hasken ke hawa da sauka. An fara gwada wannan a jikin Neurospora a 2003, sannan a 2008 aka sake rubuta ƙwayar gadon lusifares ɗin yadda za ta dace da funfuna, haskenta ya ƙaru ƙwarai. A yau ana iya sa ido kan samfura kusan 100 a faranti ɗaya, na tsawon mako guda ko fiye, ba tare da an taɓa su ba.

Hanya ta biyu ita ce karanta saƙonnin dukkan ƙwayoyin gado a lokaci guda. A 2003 aka kammala karanta kundin gadon Neurospora, aka tarar tana da ƙwayoyin gado kimanin 10,000. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa har kashi 40 cikin 100 nasu na iya bin umarnin agogon, inda ayyukan samar da ƙarfi suka fi yawa da rana, na gina jiki kuma da dare. Hikimar a fili take: halittar da ta san rana na gab da fitowa za ta tanadi kariya daga zafi da bushewa tun kafin su iso.

Daga ɗakin bincike zuwa gona

Ba Neurospora kaɗai ke da agogo ba. A 2015 Luis Larrondo da abokan aikinsa a ƙasar Chile suka nuna cewa Botrytis cinerea, funfunar da ke ruɓar da tumatir da inabi, tana da irin wannan agogo, kuma ɓarnar da take yi wa ganye ta fi muni idan ta kama shi da almuru fiye da idan ta kama shi da asuba. A shekarar dai, masana daga Brazil da Amurka suka gano cewa wani naman kaza mai haske da ke fitowa a gindin wani irin kwakwa a Brazil agogo ne ke kunna haskensa da dare, kuma hasken yana jawo ƙwarin da ake kyautata zaton su ke yaɗa masa iri.

Sai dai wadda ta fi shafar Borgou da Donga ita ce Aspergillus flavus, funfunar nan mai launin kore-kore da rawaya da ke kama masara da gyaɗa. Ita ce ke fitar da gubar aflatoksin. Duniya ta san wannan guba ne a 1960, lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya ta cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, musamman ta hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya cikin 317 da suka kwanta bayan cin gurɓatacciyar masara. Ba ta da ɗanɗano, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta.

A Benin ba baƙuwa ba ce. Wani bincike da aka wallafa a 2002, wanda aka yi kan yara 480 'yan wata 9 zuwa shekara 5 a ƙauyuka 16 na Benin da Togo, ya samu alamar gubar a jinin kashi 99 cikin 100 nasu, kuma yaran da suka tsumbure sun fi sauran yawanta. Yawan ya fi tashi ne bayan yaye, lokacin da yaro ya koma kan koko da tuwon masara. Bincike na biyu, a 2004, ya bi yara 200 a Benin na tsawon wata 8, ya ga cewa waɗanda suka fi yawan gubar sun gaza takwarorinsu da santimita 1.7 a ƙarin tsawo. Haka zalika masana na cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke kusa da Kwatano sun nuna cewa masarar da ƙwari suka huda, da wadda ta daɗe a ajiya, ita ta fi kamuwa.

To ina haske ya shigo? A 2003 masana a Amurka suka nuna cewa Aspergillus flavus tana da nata tsarin lokaci wajen fitar da wasu baƙaƙen ƙwallaye masu tauri da take ajiyewa a ƙasa domin tsallake rani, kuma haske da zafi suna daidaita shi. Galibi a cikin haske takan fi fitar da ƙurar iri mai bin iska, a duhu kuma ta fi yin ƙwallayen. Akwai wata ƙwayar gado mai suna veA da ke tsakiyar wannan zaɓi. A dangin Aspergillus an ga cewa furotin ɗinta kan shige cibiyar ƙwayar halitta idan ana duhu, ya haɗu da wasu furotin masu kula da haɗa sinadarai. A 2007 aka cire veA daga jikin Aspergillus flavus, sai ta daina yin ƙwallayen, ta kuma daina fitar da aflatoksin. Ashe hanyar da funfunar ke jin haske da hanyar da take haɗa guba a wuri ɗaya suka haɗu.

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan. Wannan ba ya nufin kunna fitila a rumbu zai hana guba, ko shanya gurɓatacciyar gyaɗa a rana zai wanke ta. Danshi da zafi da ƙwari su ne manyan masu buɗe wa funfuna ƙofa. Amfanin binciken shi ne ya nuna wa masana makunnin da za su nufa wajen neman maganin da zai kashe gubar tun daga tushe.

Aikin da ake yi a Parakou

Jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001, tana da sashen bincike na musamman kan naman kaza da funfunar ƙasashe masu zafi a tsangayar aikin gona, wanda aka fi sani da MyTIPS, da Farfesa Nourou Yorou ya jagoranci ginawa. Shi ne ɗaya daga cikin mutum uku, tare da André De Kesel na Beljiyam da Jean Codjia, da suka wallafa littafin jagora kan naman kazan da ake ci a Benin a 2002. Aikin da sashen ya sa a gaba shi ne tattarawa da tantance ire-iren da ke dazuzzukan yankin, irin su Wari-Maro da dajin saman kogin Ouémé, ta hanyar duba siffarsu da karanta DNA ɗinsu, tare da haɗin gwiwar jami'o'in Jamus da Suwidin da lambun tsirrai na Meise a Beljiyam.

Aikin yana da yawa. Wani lissafi da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa ire-iren wannan halitta da aka rubuta a Afirka ta Yamma baki ɗaya kimanin 4,800 ne, alhali masana na ƙiyasin akwai tsakanin miliyan 2.2 zuwa 3.8 a duniya. Yawancin naman kazan da ake ci a arewacin Benin a jikin saiwar itatuwa yake rayuwa, yana ba itacen ruwa da gishirin ƙasa, itacen yana ba shi sukari. Cikin waɗannan itatuwa har da doka, wadda sunanta na kimiyya, Isoberlinia doka, daga Hausa aka ɗauko rabinsa. Saboda haka duk dokar da aka sare aka yi gawayi, an sare ta ne tare da miyar da ke fitowa a gindinta kowace damina.

Tantance iri shi ne matakin farko, domin sai an san halitta ake tambayar yadda take lissafin lokaci. Akasarin abin da aka sani kan agogon funfuna daga ire-ire 'yan kaɗan aka samo shi, a ɗakunan binciken Amurka da Turai da Chile. Yankin Parakou da Djougou kuwa, inda tsawon rana ba ya sauyawa sosai tsakanin rani da damina amma danshi ke juyawa daga hunturu mai busar da leɓe zuwa malka, fage ne da ya dace ɗaliban jami'o'in Benin da Nijeriya da Nijar su gwada waɗannan tambayoyi a kan funfunar da ke cin amfanin gonar iyayensu. Bututun gilashi da jar fitila ba su fi ƙarfin jami'o'inmu ba.

Abin da ke hannun manomi

Kafin nan, akwai abin da aka riga aka gwada aka ga amfaninsa. A ƙasar Gini, wani bincike da aka wallafa a 2005 ya koya wa manoman gyaɗa a wasu ƙauyuka matakai masu sauƙi: tsince ruɓaɓɓu da hannu, shanya a kan tabarma maimakon ƙasa, tabbatar da an bushe sarai, zubawa a buhun algarara maimakon na leda, ɗora buhuna a kan katako, da sa maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Bayan wata 5, alamar gubar a jinin mutanen waɗannan ƙauyuka ta gaza rabin ta ƙauyukan da ba a yi hakan ba.

Ƙa'idar da malaman gona ke bayarwa ita ce kada danshin masara ya wuce kashi 13 cikin 100 kafin a adana ta, gyaɗa kuwa ya sauko zuwa kashi 7 ko 8. A Nijeriya tun 2014 aka yi wa Aflasafe rajista, wani magani da IITA ta haɗa daga nau'o'in Aspergillus flavus marasa guba, waɗanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin amfani ya yi fure, domin su riga masu gubar kama wuri.

Ga 'yan kasuwa kuwa, daga Arzeke ta Parakou har zuwa Dawanau ta Kano, batun ya shafi aljihu kai-tsaye. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da gubarta ta wuce kashi 4 cikin biliyan, Amurka kuma ta tsaya a kashi 20. Buhun da aka ƙi karɓa a tashar jirgin ruwa ba ya ɓacewa, gida yake dawowa, ya ƙare a ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da abincin kaji. Haka nan gyaɗar da aka tsince aka ware saboda ta lalace, sau da yawa ita ake sayar wa masu ƙaramin ƙarfi da araha. Wajibi ne hukumomin gona da na lafiya a Borgou da Donga, da shugabannin kasuwanni da na Zongo, su riƙa wayar da kan jama'a a daidai lokacin kaka, su kuma samar da na'urorin auna danshi da na gwajin guba a manyan kasuwannin hatsi, domin wanda ya fi cutuwa da sakacin shi ne yaron da aka yaye jiya.